Ko Kun Sani?

Masuncin bakin teku a Legas gishiri yake tsoro. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, shi ya sa ƙugiyarsa ke saurin tsatsa in bai ɗauraye ta da ruwan daɗi ba.

A ƙasar Gobir kuwa, lokaci ne ke zaɓa wa masunci kayan aiki. Gulbin Maraɗi, da ke gangarowa kogin Rima ta wajen Sabon Birni, sai da damina yake gudu. Ruwa na cike, a jefa birgi ko a shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, tarwaɗa ta sarƙe kanta. Da ruwan ya janye ya bar tafkuna a fadamu, sai gora da homa: mutum ya kwanta rub-da-ciki bisa gorar, yana iyo da ƙafa, abin da ya kama ya jefa cikinta. Irin kayan da ake shiga kogin Matan Fada da su ke nan a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934.

Gaiwa ita ko ƙugiya ba ta buƙata da rani. Cikin busasshen laka take kwana tana shaƙar iska, haƙo ta ake yi da fartanya.