Hawaye: daga ƙarƙashin gira zuwa cikin hanci

Duk mai yanka albasar Galmi ya san zancen: wuƙa na shiga, ido na kawo ruwa. Albasa tana zuƙo farar wuta daga ƙasa ta adana. Da an yanka ta sai wani tururi da ba a gani ya tashi ya taɓa ido, shi kuwa ya saki ruwa don ya wanke kansa. Sai a 2002 masu bincike a Japan suka gano sinadarin da ke haɗa tururin. Wuƙa mai kaifi tana rage yajin, domin ba ta dagargaza albasar.

Hawaye ba daga cikin ƙwayar ido yake fitowa ba. Wani ɗan ƙullutun nama ne ke samar da shi, yana ɓoye a ƙarƙashin ƙashin gira ta ɓangaren kunne. Ba ya jiran baƙin ciki. Kana ciniki a kasuwar Ƙonni, ruwan yana tsattsafowa, ƙiftawa tana shimfiɗa shi sau 15 zuwa 20 a minti guda. Mai ƙura wa waya ido yakan rage ƙiftawa, shi ya sa idonsa ke raɗaɗi.

Hawaye hawa uku ne da shi: yauƙi mai manne wa ido, ruwan gishiri a tsakiya, sai maiƙo a sama mai hana shi bushewa. Maiƙon daga bakin fatar ido yake fitowa, daidai inda ake zizara kwalli. A nan ina roƙon iyaye mata: wani kwallin yana ɗauke da dalma, kuma dalma guba ce ga yaro.

Akwai magani ma a cikin hawaye. A 1922 Alexander Fleming ya bayyana wani sinadari mai narkar da ƙwayoyin cuta a majina da hawaye, shekara shida kafin ya gano penisilin.

To ina ruwan yake tafiya? Ka tsaya gaban madubi, ka ja fatar idonka ta ƙasa a kusurwar hanci, za ka ga rami ƙarami kamar kafar allura. Kowane ido yana da biyu, sama da ƙasa. Ta nan hawaye ke gangarawa cikin wata 'yar jaka, ya bi siririyar hanya ya faɗa hanci. Shi ya sa mai kuka ke jan majina, shi ya sa kuma ake jin ɗacin maganin ɗigawa a maƙogwaro. Danne kusurwar da yatsa na minti ɗaya ko biyu, maganin ya zauna inda aka sa shi. Masu cewa abin da ya taɓa hanci ido ke ruwa ba su faɗi banza ba.

Da hunturu, ɗan kabu-kabu tsakanin Malbaza da Illela idonsa na zuba, amma bushewa ce ta jawo: iska ta ƙafar da danshin, ido ya yi ambaliya. Tabarau ya fi murza ido amfani nesa ba kusa ba.

Jariri sabon haihuwa yana tsala kuka ba ɗigon hawaye har 'yan makonni. Wasu kuma ana haihuwarsu hanyar hancin a toshe, ido ya yi ta ruwa da kwantsa. Galibi takan buɗe da kanta kafin shekara guda, amma in kusurwar ta kumbura ko ta yi ja, a kai jaririn wurin likita, kada a ɗiga masa komai a gida.