Uwargida, A Ina Za Ki Koyi Sana'ar Kwalliya?

Akwai tambayar da ke yawan fitowa daga bakin matan aure a azuzuwan Islamiyya na yankin Bagauda, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa. Mace ce ta kai shekara 35 ko 40, yara sun tasa, ko maigida ya rasu, ko aure ya ƙare, ta kwashi adashinta ko ta sayar da akuya biyu, tana son ta koyi lalle da kitso da gyaran amare. To, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa?

Ki fara kwantar da hankalinki a kan ita sana'ar. Gyaran amarya ba baƙon abu ba ne a Musulunci, domin Ummu Sulaim ce ta shirya Nana Safiyya, Allah Ya ƙara musu yarda, lokacin aurenta da Manzon Allah (SAW). Abin dubawa shi ne wanda za ki miƙa wa kuɗinki da lokacinki.

Kafin ki tambayi makaranta, ki tambayi kanki wa zai biya ki. A garuruwanmu masu neman mai kwalliya su ne amare da ƙawayensu, da masu jego ranar suna, sai kuma jajibirin Sallah. Biki yana yawaita bayan kaka, idan an sayar da masara da shinkafa, da kuma watannin da ke gaban azumi. Abin da waɗannan mata ke so sananne ne: jan lalle, zanen fulawa, kitso mai kyau, kwalliyar fuska, da dilka da halawa da turaren jiki irin na mutanen Barno da Sudan. Wasu makarantun kuɗi na cikin birni kuwa, rabin karatunsu ƙarin gashi ne da ɗora farce da aske gira. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun yi hani mai tsanani ga ƙarin gashi da cire gira da zanen da ake huda fata, ga mai yi da wadda aka yi wa. Shi kuma farcen roba da fentin farce suna hana ruwan alwala isa, saɓanin lalle. Kin ga kenan za ki biya kuɗin wata shida, ki dawo da abin wata uku.

Ta ɓangaren gwamnati akwai ƙofofi, sai dai ba kullum suke a buɗe ba. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana da tsarin kai ɗalibi wurin gwanin sana'a ya koya a hannunsa. Hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano, da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta daɗe tana haɗa karatun manya da koyon sana'a a cibiyoyin mata. Su kuwa makarantun sana'a da aka buɗe a Bagauda tsakanin 2011 da 2015, na kiwon kifi ne da na dabbobi, kada sunan ya ruɗe ki. Ki taka da ƙafarki zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen harkokin mata, ki tambayi abin da ake koyarwa a bana da tsawon lokacinsa. Horon mako biyu da aka gwama da haɗa sabulu da man shafawa ɗanɗano ne kawai, ba ya mayar da mace gwana. Idan kuma burinki takarda ce don koyarwa nan gaba, hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, da aka kafa a 1992, tana da fannin kwalliya. Amma uwar amarya a Ƙiru ba ta taɓa cewa a nuna mata satifiket ba. Hannun amaryar makon jiya take kallo.

Saboda haka, a ganina, ga mafi yawanmu hanya mafi dacewa ita ce zama a hannun gwana, macen da ke aikin kullum kuma amare ke layi a gidanta. Nan ne kuma ake buƙatar ido.

Kada ki je mata a matsayin ɗaliba tun farko. Ki je a yi miki kitso ko lalle, ki yini kina kallo. Reza ɗaya take yi wa kowa amfani da ita? Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jinin da ido ba ya gani a jikin reza da tsinke. Matajin da ya fito daga kan yarinya mai makero, an wanke shi kafin ya shiga kan wata? Tsumman goge jiki fa? Wadda ba ta damu da waɗannan ba, haka za ta koya miki, ke ma ki kai gidajen mutane.

Sannan ki tambaye ta da me take haɗa baƙin lalle. Lallen gaske ja yake bayarwa, ko ja mai duhu. Baƙin nan da ke kamawa cikin 'yan mintuna yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don zane a fata ba. Wasu matan ba ya yi musu komai. Wasu kuwa bayan kwanaki sai wurin ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, ya bar tabo daidai siffar fulawar da aka zana, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har ƙarshen rayuwa. Ki auna wannan a hannun amarya ana gobe kai ta.

Babban gwajin kuwa shi ne abin da ake kira haɗi. Dilka ta asali tana goge dattin fata ne ta sa ta yi laushi da sheƙi. Yanzu wasu suna zuba mata mayukan bilicin masu ɗauke da haidurokwinon, ko sinadarin makuri, ko man tub ɗin da likita ke rubutawa don cutar fata, domin amarya ta yi fari cikin mako biyu. Sakamakon kin sha ganinsa a gidan biki: fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi, nanƙarwa a damtse, fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Makuri kuma yana taɓa ƙoda. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Gwanar da ta ce miki sirrin sana'arta yana cikin wata kwalba marar suna, ki yi mata sallama da kyau ki fito, komai yawan kwastomominta.

Akwai kuma lissafin hanya. Wadda ke Bebeji ko Ƙiru tana iya jeka-ka-dawo zuwa Kano ta titin Zariya, ko da yake kuɗin mota kan fi kuɗin koyon idan an tara. Wadda ke Doguwa kuwa sai ta ratsa dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta fito Kwanar Ɗangora kafin ta kama hanyar birni, wannan ba tafiyar kullum ba ce ga mai iyali. Gara ki koyi kitso da lalle a kusa da gida, sannan ki nemi yardar maigida ki sauka gidan 'yan uwa a Kano na 'yan makonni don dilka da kwalliyar fuska kaɗai.

Ki shirya ma ranki cewa malamarki tana iya zama sa'ar 'yarki. Za ta kira ki Anti ko Mama, kuma za ta ce ki goge ki sake. Ki goge ki sake. Idan zanen yana yi miki dishi-dishi, ba rashin basira ba ne, ganin kusa yakan ragu bayan shekara 40, ki je a gwada idonki a ba ki tabarau. Shekarunki kuma jari ne, don iyaye sun fi sakin jiki su damƙa 'yarsu ga babbar mace mai kamun kai wadda ba ta fitar da zancen ɗakin mutane.

Kafin ki biya ko sisi, ku zauna gaban shaidu a rubuta: nawa ne, wata nawa, wa zai sayi kayan koyo, kuma yaushe za ki fara taɓa kwastoma da hannunki. An sha ganin mai koyo ta shekara tana shara da wanke kwanukan dilka. Ki nemi waɗanda ta yaye ki ji ko suna cin gashin kansu. Kada kuma ki juye kuɗinki duka a kuɗin koyo, ki ware na sayen kayan aiki a Kurmi ko Sabon Gari. Idan da hali ki fara da faɗuwar damina, lokacin da biki ya yi sauƙi kuma gwana ke da sararin zama da ke, yadda kafin a kai amfanin gona gida hannunki ya faɗa.