Tatsar Man Ƙamshi da Tururi: Abin da Mai Farawa Zai Sani a Garin Lafiya

Ƙasar Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ba ta da rowa. Doya da riɗi da agushi da rogo da lemu, mota-mota ake lodinsu zuwa Abuja da Jos da Makurɗi. Sai dai kusan komai ɗanye yake fita. Ɓawon lemu a juji yake ƙarewa, ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami tana yaɗo a bayan gida ba mai waiwayarta sai ranar zazzaɓi, alhali a shagon turare da tsada ake sayen 'yar kwalbar man irin waɗannan tsirrai da aka shigo da shi daga waje. Abin da ke mayar da ganyen ya zama man kwalba shi ne tatsa da tururi, kuma ana iya soma koyonta a tsakar gida.

Sana'ar tsohuwa ce. Tun a ƙarni na 9 malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta littafi kan turare da hanyoyin tatsarsa, da haɗe-haɗe sama da 100. Har gobe a Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya da tukwanen jan ƙarfe ake tatsar furen wardi, haka ma a garin Kannauj na Indiya.

Man gyaɗa da man riɗi matsa su ake yi, domin ba sa tashi sama. Man ƙamshi kuwa mai tashi ne, yana ɓoye cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a jikin ganye ko ɓawo ko saiwa. Idan ruwa ya tafasa, tururinsa ya ratsa ganyen, sai ya fasa jakunkunan ya yi gaba da man. Da a ce wuta kai tsaye aka sa wa man, sai zafi ya wuce digiri 150 kafin yawancinsa ya tafasa, lokacin kuwa ƙamshin ya ƙone. Amma in tare da tururi ne, ƙasa kaɗan da digiri 100 yake tashi. Daga nan sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, man ya taso sama a yaɗe shi. Man kanumfari yana cikin waɗanda ke saɓa wa wannan, domin ya fi ruwa nauyi, nutsewa yake yi.

Kayan aikin kashi huɗu ne. Akwai tukunyar ruwa, da rariyar da ganye ke zama a kai ba tare da ya taɓa ruwan ba, kamar dai yadda ake turara dambu a madambaci. Akwai murfi mai bututu da ke jan tururin, bututun ya naɗe cikin bokitin ruwan sanyi, sannan kwalbar gilashi mai siririn wuya da ke tarar abin da ya ɗigo. Tukunya mai cin lita 20 ta ishi mai koyo, kuma masu walda na gari za su iya haɗa ta in an zana musu.

Wurin zaɓen ƙarfe ne ba a yin arha. Jan ƙarfe ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa, su ne kaɗai suka dace. Kada a yi liƙi da dalma, kada a ɗauko lagireton mota a mayar da shi abin sanyaya tururi, kada a taɓa durom ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko man fetur. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Tiyon roba ma ba ya jure zafi, kuma man yana cinsa. Babbar doka ita ce bakin bututun ya kasance a buɗe kullum, domin tururin da aka toshe wa hanya tarwatsa tukunya yake yi.

Mai hankali da zallan ruwa yake farawa. A nan zai gane inda murfi ke yoyo, ya koyi daidaita wuta, ya kuma ga yadda ruwan bokiti ke saurin ɗumi a zafin Lafiya. Da zarar tururi ya fara fita ta bakin bututu maimakon ɗigo, to riba ce ke bin iska, sai a canza ruwan. Wannan tataccen ruwa ma ba asara ba ne, shi ake zuba wa baturan sola masu shan ruwa. Bayan hannu ya faɗa sai a koma ga ciyawar shayi, ko ganyen bishiyar turare, ko na'a-na'a, ko daddoya, ko busasshiyar cittar da ake kawowa daga Kudancin Kaduna. A bar ganye ya sha iska a inuwa, a cika rariya ba tare da dannawa sosai ba, a ba shi awa 2 zuwa 3 a matsakaiciyar wuta.

Dole a faɗa wa mai farawa gaskiya kan yawan abin da zai samu. Kilo 10 na ɗanyar ciyawar shayi da ƙyar yake ba da abin da ya kai mililita 50. Busasshiyar citta takan ba da kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinta. Wardi kuwa sai an tara tan 3 ko fiye na fure kafin a sami kilo guda. Wanda ya ci bashi ya ƙera ƙatuwar tukunya kafin ya tanadi gonar ganye da mai saye, ya yi gini ba tushe. Abin da ke rage zafin lissafin shi ne ruwan ƙamshin da ke ƙarƙashin man, wanda masu sabulu da masu humra za su iya amfana da shi.

Ƙarfin man nan ya wuce yadda ake zato. Ba a shansa, ba a shafa shi tsagwaronsa sai an sirka da man kwakwa ko na riɗi, yana kama wuta, kuma ɗan kaɗan na man bishiyar turare na iya jefa ƙaramin yaro cikin haɗari. A ajiye shi a kwalba mai duhu, nesa da rana da hannun yara. Haka kuma kada wani ya karkatar da tukunyar zuwa dafa barasa. Ban da haramcinta ga Musulmi, a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da sinadarin metanol, wanda ke makantar da mutum ko ya kashe shi, harshe kuma ba ya bambance shi. Wanda zai kai kayansa kasuwa kuwa, ya nemi rajistar hukumar NAFDAC tukuna.

Garin Lafiya yana da Jami'ar Tarayya, da Kwalejin Aikin Gona, da tsangayar noma ta Jami'ar Jihar Nasarawa a Shabu. Ya kamata malaman kimiyyarsu su buɗe wa mata da matasa gajeren horo, su kuma riƙa auna musu ingancin man. Kai kuma mai sha'awa, fara da ƙaramar tukunya mai kyan ƙarfe, ka rubuta nauyin ganyen da ka zuba da abin da ya fito a kowace dahuwa, kada ka faɗaɗa sai lissafi ya ba ka izini.