Makomar Kwamfutocin Gwanjo Bayan Windows 10

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin tsaron da ya saba bai wa Windows 10. A Darna Sabon Gari, da ma Illela baki ɗaya, inda ɗalibi ke haɗa kuɗin kwamfutar gwanjo da jiɓin goshi, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Windows 11 na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita. Sai a jefar da su ke nan, alhali lafiyarsu ƙalau?

A ganina, Linux ce mafita. Manhaja ce da Linus Torvalds ya fara a 1991. Kyauta ake sauke ta, kowa na da ikon duba cikinta ya gyara, kuma a kanta aka gina Android ɗin da ke aljihunmu. Linux Mint kan farfaɗo da kwamfutar da ta shekara goma.

Sai dai akwai cikas. Takardar da aka tsara da LibreOffice kan hargitse idan mai shagon buga takardu ya buɗe ta da Word. In kuwa manhajar ta cije, samun mai gyaran da ya laƙance ta tsakanin Illela da Ƙonni aiki ne ja. Su ya kamata a fara horarwa.