Me ya sa Nintendo ba ya gasar kyan hoto da Sony?

Masu saurare, samarinmu kullum suna gardama: Sony ko Nintendo? Duka kamfanonin Japan ne, amma dabararsu daban.

Sony yana ƙara wa PlayStation ƙarfi don hoto ya fito kamar fim. Nintendo kuwa a 2017 ya fitar da Switch, mai ƙaramin ƙarfi, ana riƙe ta a hannu. Wasanta Zelda: Breath of the Wild hotonsa kamar zane ne, amma kana yawo inda ka ga dama, ka hau dutse, ka ƙetare kogi. An sayar da Switch sama da miliyan 140.

Shawararmu ga ƴan'uwa na waje: kafin ku aiko wa yaro na'ura, ku tambayi wasan da yake so, don Zelda ba ya aiki a PlayStation.