Ma'anar Maye, Giya da Guba a Bakin Shari'a

Kalma a bakin jama'a tana da faɗi, amma idan ta shiga kotu sai a yi mata iyaka, domin a kan iyakar nan ake ɗaure mutum ko a sake shi. Kalmomin maye da guba suna cikin waɗanda suka fi nuna haka.

Ga Bahaushe, maye shi ne gushewar hankali saboda abin da aka sha; karin sauti ne ya raba shi da maye mai kama kurwa. A fiƙihun Malikiyya kuwa, shan ne laifi, ko an bugu ko ba a bugu ba. Kalmar "hamru", wadda malamai ke fassarawa da giya, ta ƙunshi duk abin sha mai sa maye, kaɗan ne ko mai yawa, haddinsa kuma bulala 80 ne. Saboda haka burkutu da barasa, waɗanda Bahaushe ya bambanta, hukuncinsu ɗaya. Wannan haddi ne Jihar Zamfara ta sanya cikin kundinta na shekarar 2000.

Dokar Final Kod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta raba maye gida biyu. Sashe na 44 ya ɗauki wanda ya aikata laifi cikin maye tamkar yana da sanin da zai kasance da shi in da bai sha ba. Sashe na 52 kuwa ya ɗauke laifi daga wanda aka ɗura wa abu ba da saninsa ko yardarsa ba, har ya kasa gane abin da yake yi. Tafintan da ya ce "ya sha" a inda shaida ke nufin "an shayar da shi" ya rushe wa wanda ake tuhuma kariyarsa.

Haka abin yake ga guba. Hausa ta keɓe dafi ga maciji da kunama da kibiya, guba kuwa ga abin da aka ci ko aka sha. Kalmar sammu ta fito daga Larabci, inda take nufin guba, amma a Hausa ta koma nufin asiri. Idan mai ƙara ya ce an yi wa ɗansa sammu, wajibi ne alƙali ya tantance: abu aka zuba cikin abinci wanda likita zai iya gwadawa, ko laya aka binne? Na farko yana iya zama tuhumar kisan kai, na biyu kuwa zargin tsafi ne.