Sarauta Ƙwarya Ce

Rabon gona ba wuya: a kira dattawa, a ja igiya, a dasa gamba a kan iyaka. Gero kuwa tiya ce alƙalinsa. Amma a ce magada huɗu, ƙwarya ɗaya, kowa ya kafe sai an ba shi nasa kason. In aka fasa, me kowa zai ɗauka? Sakaina. To, sarauta ƙwarya ce.

Faranka, waɗanda Faransa ta ci sunansu, sun yi ta fasa tasu. Da sarkinsu Kulobis ya mutu a 511, ƴaƴansa huɗu suka yanka ƙasar kamar ƴan watanda. Sakaina ba ta riƙe fura, sai kowa ya fara hangen ta ɗan'uwansa. Da ɗayansu ya faɗi a yaƙi a 524 ya bar yara uku, baffanninsu biyu suka aika wa kakar yaran almakashi da takobi, ta zaɓa. A wurinsu dogon gashi shi ne rawani, aske ɗan sarki tuɓe shi ne tun bai hau ba. Tsohuwa cikin ɓacin rai ta ƙi almakashi. Aka kashe biyu, na ukun ya tsira, ya aske kansa da kansa ya koma ibada.

Mu nan Magariya ba sai an kai mu Turai ba. Wajen 1805 jihadi ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura, Malam Isiyaku ya zauna birnin. Gidan da aka kora ya yo arewa, har ya yada zango a Yekuwa. Ɗan sarkin da ya rasa gari kamar yaɗon dankali yake, duk inda ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa: reshe a Zango, reshe a Ɓaure, reshe a Magariya, kowa da tamburansa. Damagaram, musamman zamanin sarkinta Tanimun, ta yi abin da shaho ke yi in kaji na faɗa a kan tsaba.

Farkon ƙarni na 20 Turawan Ingila suka zo da basilla, suka mayar da Malam Musa na reshen Zango gadon Daura. An ɗinke ƙwarya ke nan. Sai dai iyaka ta bar ɓarinmu a hannun Faransa, shi ya sa har gobe mai zuwa zumunci Daura sai ya tsaya canjin kuɗi.